Giyar keke: Yadda take ƙara gudu, da inda iyakarta take

Akan ga mutum biyu a kan kekuna suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya yana ta juya feda da sauri, ɗayan kuma yana takawa sannu a hankali kamar ba wani aiki yake yi ba.

Abin da ya bambanta su shi ne giya, wato dangantakar da ke tsakanin faifai mai haƙora na gaba, wanda feda ke juyawa, da ƙaramin faifan da ke jikin tayar baya.

Masu kekuna da dama kan nemi a ƙara musu girman giya, da fatan za su riƙa gudu ba tare da yawan taka feda ba. Hakan yana yiwuwa, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa.

Sai dai giya ba ta ƙara wa mahayi ƙarfi ko kaɗan. Musaya kawai take yi: idan ta rage yawan juyin ƙafa sai ta ƙara nauyin kowane taku. Wanda bai san wannan ba yana iya kashe kuɗinsa ya ƙare da keken da ya fi na da wuyar tuƙi, ga kuma ciwon gwiwa.

Mece ce giyar keke?

Sarƙar keke tana da gaɓoɓi masu tazara iri ɗaya. Daga wannan ƙusa zuwa waccan rabin inci ne, wato milimita 12.7, kuma kusan dukkan kekunan duniya a kan wannan ma'auni suke.

Kowane haƙori na faifan gaba yana jan gaɓa ɗaya, kowace gaɓa kuma tana tura haƙori ɗaya na faifan baya.

Saboda haka idan faifan gaba yana da haƙora 44, juyin feda sau ɗaya zai ja gaɓoɓi 44. Idan na baya yana da haƙora 22, waɗannan gaɓoɓi za su juya shi sau biyu cif, tare da tayar da yake jikinta.

Idan kuwa aka sa faifan baya mai haƙora 11, tayar za ta juya sau huɗu a juyin feda guda.

Wannan ne ya sa ake cewa giya ta yi girma, ko ta yi nauyi, idan faifan gaba ya ƙaru ko na baya ya ragu. Akasin haka kuma shi ne ƙaramar giya mai sauƙin takawa, wadda ake hawan tudu da ita.

Yadda ake lissafi

Lissafin bai wuce matakai biyu ba. Da farko a raba yawan haƙoran gaba da na baya. Sannan a ninka abin da aka samu da tsawon kewayen taya. Amsar ita ce nisan da keke zai ci a juyin feda ɗaya.

Alal misali, a ɗauki baƙin keken nan mai giya ɗaya da taya mai inci 28, samfurin Raleigh ko Phoenix ko Hero, wanda manoma da 'yan kasuwa suka daɗe suna hawa a arewacin Najeriya da Nijar. Kewayen tayarsa kimanin mita 2.23 ne.

Idan yana da haƙora 44 a gaba da 18 a baya, tayar na juyawa sau 2.44 a kowane juyin feda, wato tafiyar mita 5.45. Mahayin zai juya feda sau 183 kafin ya ci kilomita ɗaya.

Idan aka canza faifan baya zuwa mai haƙora 16, tafiyar za ta zama mita 6.13, juyin feda kuma ya sauka zuwa 163 a kilomita.

Idan aka sa mai haƙora 22, tafiyar za ta ragu zuwa mita 4.46, juyin feda ya hau zuwa 224.

Daga nan ake gano gudu. Mutumin da ke juya feda sau 60 a minti ɗaya zai yi kimanin kilomita 19.6 cikin sa'a guda da faifai mai haƙora 18, da kilomita 22 da mai 16, da kuma kilomita 16 da mai 22.

Wanda ba ya son lissafi yana iya yin alama a ƙasa daidai inda feda take, ya tura keken da baya a kan miƙaƙƙen layi har fedar ta yi zagaye guda, sannan ya auna tazarar.

Abin da mahayi ke biya

Sauka daga haƙora 18 zuwa 16 ƙarin kashi 12 da rabi ne cikin ɗari a nisan kowane juyi. A gudu iri ɗaya, ƙafa za ta riƙa danna feda da ƙarin ƙarfi na kashi 12 da rabi ɗin nan, domin aikin da ake yi a juyi 183 shi za a yi a juyi 163.

Idan kuma mahayin yana son ya ci gaba da juyawa sau 60 a minti don ya sami ƙarin gudun, to farashin ya fi haka, kuma dalili shi ne iska.

A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, da zarar gudu ya kai wajen kilomita 20 cikin sa'a, iska ce babbar abokiyar karawar mai keke. Turjiyarta ba ta tafiya daidai da gudu. Idan gudu ya ninka biyu, turjiyar iska tana ninkawa huɗu, ƙarfin da ake buƙata don keta ta kuma yana ninkawa takwas.

Bisa wannan ƙa'ida, ƙarin gudu na kashi 12 da rabi yana neman ƙarin ƙarfi na sama da kashi 40 cikin ɗari a ɓangaren yaƙi da iska kaɗai.

Mutum mai ƙoshin lafiya wanda ba ya yin atisaye na musamman yakan iya riƙe ƙarfin da bai wuce watt 100 da wani abu ba na tsawon lokaci. Manyan 'yan tsere kan haura watt 400 na kusan sa'a guda. Wannan tazara ce ke sa giyar da ta dace da ɗan tsere ta zame wa mai zuwa kasuwa kaya.

Tudu ma yana da nasa lissafin. Mahayi da keke da kayansu masu nauyin kilo 100, a kan hanyar da ke tashi mita 5 a kowace mita 100, suna buƙatar kusan watt 136 don ɗaga nauyin kawai, idan suna tafiyar kilomita 10 cikin sa'a. Ƙarin buhu mai kilo 50 zai kai adadin sama da watt 200.

A wannan gudu, mai giyar 44 da 18 zai riƙa juya feda sau 30 kacal a minti, yana danna ta da duk nauyin jikinsa. A nan ne akasarin masu giya ɗaya ke sauka su tura.

Saurin ƙafa da lafiyar gwiwa

Yawancin masu hawan keke na yau da kullum suna juya feda sau 50 zuwa 70 a minti. 'Yan tsere kan yi 80 zuwa 100, wani lokaci fiye.

Dalili kuwa shi ne, taku mai nauyi yana gajiyar da tsokar cinya da wuri, yayin da taku mai sauƙi da sauri ke mayar da aikin ga zuciya da huhu, waɗanda suka fi jure dogon aiki.

Haka kuma danna babbar giya a hankali yana ƙara matsi a kan ƙoƙon gwiwa, musamman idan sirdi ya yi ƙasa. Ciwon gaban gwiwa na daga cikin matsalolin da masu keke suka fi kuka da su.

Shekaru da dama hukumar tseren kekuna ta duniya, UCI, ta ƙayyade wa matasa 'yan ƙasa da shekara 19 giyar da ba ta wuce mita 7.93 ba a tseren kan titi, wanda ya yi daidai da haƙora 52 a gaba da 14 a baya. An soke wannan doka daga farkon shekarar 2023.

Tarihin gudun sa'a guda ya nuna yadda gwanaye ke haɗa abubuwan biyu. A shekarar 1972, Eddy Merckx na ƙasar Beljiyam ya ci kilomita 49.431 cikin sa'a ɗaya a birnin Meziko, da giyar 52 da 14, yana juya feda sama da sau 100 a minti.

A watan Oktoban 2022, Filippo Ganna na Italiya ya yi kilomita 56.792 a garin Grenchen na Suwizalan, da faifan gaba mai haƙora sama da 60. Duk da girman giyar, ƙafarsa ba ta yi sanyi ba, domin ya riƙa juyawa kusan sau 100 a minti.

Daga babbar taya zuwa sarƙa

Kekunan farko masu feda, waɗanda aka ƙera a birnin Paris a shekarun 1860, ba su da sarƙa. Fedar a jikin tayar gaba take, don haka juyi ɗaya na ƙafa juyi ɗaya ne na taya.

Hanya ɗaya tilo ta ƙara gudu ita ce ƙara girman tayar. A shekarun 1870 aka shiga ƙera kekuna masu ƙatuwar tayar gaba, wadda faɗinta kan kai inci 60, wato mita ɗaya da rabi, da 'yar ƙarama a baya. Tsawon ƙafar mahayi ne ke yanke girman da zai iya hawa.

Kekunan suna da gudu, amma suna da haɗari, saboda ɗan dutse ko rami na iya jefo mutum ta ka daga sama.

A shekarar 1885 John Kemp Starley ya fito da keken Rover a garin Coventry na Ingila, mai sarƙa da ke juya tayar baya. Da wannan ne aka raba gudu da girman taya, aka mayar da shi ga yawan haƙora. Bayan shekara uku, a 1888, John Boyd Dunlop ya ƙera tayar da ake hura wa iska a birnin Belfast.

Har yau a Birtaniya da Amurka ana auna giya da inci, wato faɗin tayar da tsohon keken zai buƙata don ya yi tafiya iri ɗaya. Giyar 44 da 18 a kan taya mai inci 28 daidai take da taya mai inci 68, ko mita 1.73, wadda ba wanda ƙafarsa za ta iya kaiwa ga fedarta.

Giya fiye da ɗaya ta biyo baya ta hanyoyi biyu. A 1902 aka fito da giyar Sturmey-Archer mai matakai uku a Nottingham, garin kamfanin Raleigh, wadda ke ɓoye cikin cibiyar tayar baya. A Faransa kuma Paul de Vivie na garin Saint-Étienne ya shafe shekaru yana gwaji da kuma tallata na'urar da ke ɗauke sarƙa daga wani faifai zuwa wani.

Gasar Tour de France, wadda aka fara a 1903, ta daɗe tana ƙin wannan na'ura, domin shugabanta Henri Desgrange yana ganin tana rage darajar ƙarfin ɗan Adam. 'Yan tsere kan sauka a gindin dutse su kwance tayar baya su juya ta, saboda tana da faifai a kowane gefe. Sai a 1937 aka amince wa manyan 'yan tseren su yi amfani da ita, shekarar da Roger Lapébie ya yi nasara.

Daga bisani kamfanin Campagnolo na Italiya ya fito da samfurin Gran Sport a farkon shekarun 1950, Shimano na Japan ya kawo tsarin da kowane danna maɓalli ke kai sarƙa daidai kan faifai ɗaya a 1984, sannan ya fito da mai aiki da batir a 2009.

Canza giyar keke mai giya ɗaya

Hanya mafi araha ita ce canza faifan baya, wanda ake ɗaurawa a jikin cibiya da zare kamar noti. Galibi ana samunsa da haƙora 16, 18, 20 ko 22, kuma a kan zaren da aka saba 16 ne mafi ƙanƙanta da ake samu cikin sauƙi.

Canza faifan gaba ya fi tsada, domin a irin waɗannan kekuna yawanci a manne yake da ƙarfen feda na dama, sai dai a canza su tare. Idan keken yana da murfin sarƙa, babban faifai ba lallai ne ya shiga ciki ba.

Haƙori ɗaya a baya ya fi haƙori ɗaya a gaba tasiri. Rage haƙora biyu daga 18 daidai yake da ƙara haƙora biyar zuwa shida a kan 44.

Duk haƙorin da aka ƙara ko aka rage yana matsar da tayar baya kimanin milimita 3 a cikin ramin firam. Idan canjin ya wuce abin da ramin zai ɗauka, dole a cire gaɓoɓin sarƙa ko a ƙara.

Bayan an ɗaure taya, sarƙar ta kasance tana ɗan motsi sama da ƙasa na kusan santimita ɗaya a tsakiyarta. Wadda ta yi sako-sako za ta riƙa zamewa, wadda ta ɗaure tamau kuma za ta cinye haƙora da boris. A keke mai birkin ƙarfe, sai an sake daidaita birkin baya tunda tayar ta matsa.

Akwai kuma batun faɗin sarƙa. Ta keke mai giya ɗaya ta fi ta mai giya da yawa kauri, don haka siririyar sarƙa ba za ta zauna a kan faifai mai kaurin haƙora ba.

Ƙaramin faifan baya ya dace da mai ƙarfi wanda ke tafiya a kan kwalta marar tudu, ba kaya, kuma ya lura ƙafarsa na juyawa da sauri har keken ba ya amsawa. Mai ɗaukar buhuna ko jarkokin ruwa, ko mai bin hanyar yashi, ko wanda ke fuskantar iskar hunturu kowace safiya, ya fi samun sauƙi da faifai mai haƙora 20 ko 22, kuma sau da yawa yakan riga isa saboda ba ya sauka ya tura.

Keke mai giya da yawa

Keken da aka rubuta wa giya 21 yana da faya-fayai uku a gaba da bakwai a baya. Wani tsari da aka saba gani shi ne 48 da 38 da 28 a gaba, sannan 14 zuwa 28 a baya.

A kan taya mai inci 26, babbar giyarsa, wato 48 da 14, tana tafiyar kimanin mita 7.1. Ƙaramar, 28 da 28, tana tafiyar mita biyu da 'yan kai. Da ita mai hawan tudun da aka ambata a baya zai riƙa juya feda kusan sau 80 a minti maimakon 30.

Amma ba dukkan 21 ɗin ne suka bambanta ba. Haɗin 48 da 24 da kuma haɗin 28 da 14 duk abu ɗaya suke bayarwa, wato juyin taya biyu. Kazalika ba a son haɗa babban faifan gaba da babban na baya, ko ƙarami da ƙarami, saboda sarƙar tana karkacewa, ta riƙa ƙara tana cinyewa.

Kekunan tsere kan zo da 53 da 39 ko 50 da 34 a gaba, da faifan baya da ke farawa daga haƙora 11. Haɗin 53 da 11 yana tafiyar mita 10.1, wanda a juyi 90 a minti ya kusa kilomita 55 cikin sa'a. Mutane kaɗan ne ke iya riƙe wannan gudu idan ba a gangara ba.

Don haka kafin mai irin wannan keke ya sayi babban faifai, yana da kyau ya duba ko yana ƙure babbar giyar da yake da ita. Idan bai taɓa juya ta sau 90 a minti a kan hanya marar gangara ba, ƙarin haƙora ba zai ƙara masa komai ba.

Ana canza giya ne yayin da feda ke juyawa, tare da ɗan sassauta ƙarfi. Ana kuma sauka zuwa ƙarama tun kafin a shiga tudu ko a tsaya, ba bayan keke ya riga ya yi nauyi ba.

Daidaita na'urar sauya sarƙa

Sau da yawa keken da ake zaton giyarsa ta yi kaɗan, matsalarsa ita ce sarƙa ba ta kaiwa ga ƙaramin faifan baya ko babban na gaba.

Na'urar baya tana da ƙananan sukurori biyu masu alamar H da L. Mai alamar H shi ke tsayar da ita a ɓangaren ƙaramin faifai. Idan ya ɗauru da yawa sarƙa ba za ta sauka kan babbar giya ba, idan ya kwance da yawa kuma za ta faɗa tsakanin faifai da firam.

Mai alamar L yana tsare ɓangaren babban faifai. Shi ne mafi haɗari, domin idan ya kwance na'urar na iya shiga cikin wayoyin taya ta karye, ta kuma kayar da mahayi.

Bayan an daidaita iyakokin biyu sai a koma kan kebur. Akwai ɗan murji a inda kebur ke shiga na'urar ko kusa da hannu. Idan sarƙa tana nauyin hawa babban faifai, a warware murjin kwatan zagaye don kebur ya ƙara ɗaurewa. Idan tana nauyin sauka kan ƙarami, a mayar da shi ciki. Ana yi ne kaɗan-kaɗan ana gwadawa, tayar baya a ɗage.

Idan duk wannan bai yi ba, akasari ƙarfen da na'urar ke rataye a jikinsa ne ya lanƙwashe sakamakon faɗuwa, ko kuma kebur ya yi tsatsa a cikin rigarsa.

Giyar cikin cibiya

Samfurin AW na Sturmey-Archer, wanda aka fara ƙerawa a 1936, yana da matakai uku. Na tsakiya daidai yake da lissafin haƙora, na farko ya ragu da kashi 25 cikin ɗari, na uku ya ƙaru da kashi 33.

Da haƙora 44 da 18 a taya mai inci 28, wannan na nufin mita 4.1 da 5.45 da 7.3. Masu irin wannan keke da dama kan ga na ukun ya yi musu nauyi, sai su sa faifai mai haƙora 22, wanda ke ba da mita 3.3 da 4.5 da 5.9.

Amfanin wannan tsari shi ne ƙura da ruwa ba sa shiga, kuma ana iya canza giya a tsaye. Sai dai a tsofaffin samfura, idan kebur bai daidaita ba, feda na iya zamewa ta juya fayau tsakanin giya ta biyu da ta uku. Kamfanin Rohloff na Jamus ya fito da cibiya mai giya 14 a 1998, amma kuɗinta ya fi na kekuna da yawa.

Sauran abubuwan da ke cin gudu

Sarƙa mai tsabta da mai tana isar da kusan dukkan ƙarfin ƙafa zuwa taya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 1999 ya gano cewa abin da take isarwa na iya haura kashi 98 cikin ɗari, kuma manyan faya-fayai sun fi ƙanana rage asara.

Sarƙa tana miƙewa idan ta tsufa. Sabuwa, ƙusoshi 24 daga na farko suna cika inci 12 daidai. Idan tsawon ya ƙaru da milimita ɗaya da rabi zuwa uku, lokacin canzawa ya yi. Sabuwar sarƙa a kan cinyayyen faifai takan yi tsalle, haka ma tsohuwa a kan sabon faifai.

Taya marar isasshiyar iska, da birkin da ke gogar gefen taya, da boris ɗin da ya bushe, duk suna cin ƙarfin da giya ba za ta mayar ba.

Sirdi ma haka. Idan mahayi ya ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarsa ta miƙe sosai. Sirdin da ya gaza wannan yana rage ƙarfi yana kuma wahalar da gwiwa.

Sunkuyawa da ɗaure tufafin da ke kama iska kan ƙara gudu fiye da canza haƙora biyu.

Inda aka kai

Waɗanda suka kafa tarihin gudu da manyan giyoyi duk sai da suka fara kawar da iska.

A 1899, Charles Murphy ya ci mil ɗaya cikin ƙasa da minti guda a Long Island da ke jihar New York, yana bin bayan jirgin ƙasa a kan katakan da aka shimfiɗa tsakanin layin dogo.

A 1962, José Meiffret na Faransa ya haura kilomita 204 cikin sa'a a bayan mota a wata babbar hanya ta Jamus, da faifan gaba mai haƙora 130 wanda ya kusa taɓa ƙasa.

A 1995, Fred Rompelberg na Holan ya kai kilomita 268 a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Utah. A wannan fili ne, a watan Satumban 2018, Ba'amurkiya Denise Mueller-Korenek ta yi kilomita 296 cikin sa'a a bayan motar tsere mai rumfar kare iska.

Ba tare da abin da ke tare iska a gaba ba, Todd Reichert na Kanada ya kai kilomita 144 a 2016 a Battle Mountain da ke jihar Nevada, yana kwance cikin wani rufaffen keke mai siffar harsashi.

Keken Mueller-Korenek yana da sarƙa biyu da ke ninka giya sau biyu, har juyin feda ɗaya yana cin kusan mita 40. Nauyin giyar ya kai matsayin da ba za ta iya tayar da keken daga tsaye ba, sai da motar ta ja ta da igiya har gudu ya kankama kafin ta saki ta fara takawa.